Tayar Gaba Ta Dama

Shekara goma sha ɗaya ke nan cif da rasuwar yayana, Malam Habibu mai taya na Ƙofar Na'isa. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan yi masa addu'a in ja bakina, ban taɓa kawo shi cikin wannan fili nawa na jarida ba. Bana zan yi magana, domin akwai abin da na sani game da ranar da ya rasu wanda matarsa, Yaya Rabi, ba ta sani ba, kuma ni ne na ɓoye mata.

Rumfarsa tana bakin titi, kana fitowa daga ƙofa. Yana sayar da taya, yana yin faci, yana kuma ɓata wa mutane rai kyauta. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu a jere, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Yaya yana kiransu takardar haihuwa. Kafin ya amsa maka gaisuwa ya riga ya sunkuya ya karanta, sai ka ji ya ce, "Wannan ai ta girmi ɗanka na fari." Idan ka ce masa zanenta bai cinye ba, ya ce zane ba shi ne lafiya ba, roba tana bushewa ko da a ɗaki aka ajiye ta. Ya faɗa wa manyan 'yan kasuwa haka, ya faɗa wa masu kaki, ya faɗa mini ni ma a gaban ɗalibaina ranar da na sayi motar farko ina ta yanga. Waɗansu sun yi fushi sun koma wajen masu gwanjo, bai taɓa kiran kowa ya dawo ba.

Mutum ɗaya ne a duk faɗin Kano Yaya ba ya iya buɗe baki a gabansa: surukinsa, Alhaji Inuwa na Yakasai, mahaifin Yaya Rabi. Shekara goma sha huɗu yana auren 'yarsa, bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa ambaton sunansa ba, tun daga bakin lungu yake cire takalmi. Mu a gida har tsokanarsa muke yi, mu ce zakin Ƙofar Na'isa yana isa Yakasai yake zama kyanwa.

Ranar wata Asabar ce da safe, za a tafi ɗaurin aure Dutse. Mota ba ta shiga lungun su Alhaji, don haka a bakin titi aka taru. Alhaji yana tsaye a jikin motarsa da aminansa biyu, ɗansa Aminu ne zai tuƙa. Yaya ya zo ya durƙusa yana gaida shi, kuma a yadda ya durƙusa ɗin fuskarsa na daidai da tayar gaba ta dama. Na lura gaisuwar ta yi tsawo. Da ya miƙe sai ya ja ni gefe, ya ce, "Tayar can shekararta tara, kuma gefenta duk ya tsage."

Na ce, "To ka gaya masa mana, Yaya."

Ya ce, "In ce wa Baba motarsa ba ta da lafiya, a gaban baƙinsa? In mun dawo zan sa Aminu ya kawo mini ita in canja, ba sai ya sani ba."

Abin da ya iya yi shi ne ya raɗa wa Aminu ya tafi a hankali, sannan ya shiga gidan gaba, saitin tayar. Ni ina cikin mota ta biyu. Mun wuce Wudil da kaɗan tayar ta yi bindiga, motar ta sauka daga kwalta ta wuntsila. Aminu ya fita da targaɗe, Alhaji ya karye a ƙugu, aminansa suka ji raunuka suka warke. Yaya kaɗai muka dawo da shi a kwance, ba rai.

Kwana uku muna zaman makoki, kuma kusan duk wanda ya zo yabo ɗaya yake yi: Allah ya jiƙan Malam Habibu, mutum ne mai kunya. Ina amsawa da amin. Aka ce kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne, ban taɓa ja da ƙaddara ba. Amma ni na ji abin da ya faɗa a bakin titi, kuma ni ma ina da baki ranar, ban yi amfani da shi ba. Da Yaya Rabi ta tambaye ni yadda abin ya faru, na ce mata taya ce ta fashe, na tsaya a nan. Daga baya Aminu ya ciro takardar inshora daga aljihun motar ya kai ofishinsu, aka ce masa irin wadda suka yanka ta wanda ka buge ce a hanya, ba ta rufe motar kanta ba. Duk gidan ba wanda ya taɓa karanta ta, an yanke ta ne don a nuna wa masu tsare hanya. Dattawa kuma suka ce a bar maganar, ba a bin takarda a kan mamaci.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga Kano ta yau. Motoci sun ninka, Adaidaita Sahu sun cika ko'ina, tayoyin gwanjo kuwa tuli-tuli a kowace kwana, an shafe su da baƙin mai suna ƙyalli. Har akwai masu sassaƙa wa tayar da ta siɗe sabon zane da wuƙa. Yara masu digiri suna sayen waya mai tsada su karanta duk abin da ke jikin kwalinta, amma ba su san taya tana da shekaru ba. Ina jin da yana nan da bakinsa ya gaji. Rumfarsa yanzu shagon sayar da katin waya ce, wanda ke ciki bai ma san sunansa ba. Abu ɗaya na tabbata bai canja ba: har gobe a garin nan ƙarami zai ga aibu a motar babba ya haɗiye, mu kuma mu kira abin tarbiyya.

A watan jiya Safiya, 'yar Yaya ta biyu, ta samu gurbin karatu a Zariya. Kakanta ya ce ba mai kai ta sai motarsa. Ba waccan ba ce, wata ce, Alhaji kuwa ya tsufa ƙwarai, da sanda yake tafiya, amma ya sa aka fito da shi bakin titi don ya yi wa jikarsa rakiya. Na je na durƙusa ina gaida shi, idona ya sauka a kan lambobin tayar da ke kusa da ni. Shekararta takwas. Wallahi sai da na fara lissafin yadda zan ja direba gefe in ce ya tafi a hankali. Safiya tana gidan baya tana gyara jakarta. Ban miƙe ba, daga durƙuson na ce, "Baba, a yi mini afuwa, tayar nan ba za ta kai Zariya ba. Kada a tafi da yarinyar nan a kanta."

Na jira faɗa. Sai Alhaji ya ce wa direba a sauke kaya, sai gobe. Da mutane suka watse ya sa na raka shi soro, ya zauna, ya ajiye sandarsa.

Ya ce, "Ranar da za mu Dutse na ga yayanka yana kallon tayar. Na san sana'arsa, na san ba banza ya daɗe a ƙasa ba. Na jira ya yi magana, bai yi ba. Na so in tambaye shi, sai na ji nauyi, kada ya ɗauka don na ba shi 'ya nake neman ya sa mini taya. Shi yana jin kunyata, ni ina jin kunyarsa, muka shiga mota."

Ashe mu biyu ne muke ɗauke da abin nan, kowa a ɗakinsa, muna haɗuwa a masallaci da wajen suna muna gaisawa lafiya lau.

Ban san abin da ya kamata a ce ya rage na Yaya ba. Ba rumfa, ba almajiran sana'a da suka riƙe sunansa. Akwai dai mutane ƙalilan a birnin nan da ba sa sayen taya sai sun sunkuya sun karanta, akwai kuma Safiya da ta isa Zariya washegari a kan sababbin tayoyi huɗu. Kunyarsa da ake yabo ban daina ganin kyanta ba, amma ni na daina sa ta a cikin yabonsa.

Kafin in fita daga soron na tambayi Alhaji ko zai gaya wa Yaya Rabi. Ita ce 'yarsa ta fari, ko sunanta ba ya kamawa, balle ya zaunar da ita ya yi mata wannan bayani. Ya girgiza kai, ya ce, "Ba zan iya ba. Kai da kake rubutu a jarida, ka rubuta. Tana karantawa."

Yaya Rabi, ga shi na rubuta. Mijinki ya gani, mahaifinki ya gani, ni ma an gaya mini, kuma ba wanda ya yi magana a cikinmu. Ki yafe mana.