Igiyar Shanya a Ƙofar Inna

Damanar da ƙaiƙayi ya kama ni a ƙasa, sati biyu na yi ina zama bisa bakin kujera kamar baƙuwa. Da ya ishe ni sai na hau kabu-kabu zuwa gidan likita. Ungozoma ta duba, ta rubuta mini man shafawa, ta ce in shafa safe da marece har kwana bakwai ko da ƙaiƙayin ya lafa. Sannan ta tambayi inda nike shanya kamfaina.

Na ce, "Bayan ƙyaure, ƙarƙashin zane, kamar kowace mace mai kunya."

Ta ce, "To, can ciwon ke jiranki. Nan bakin kogi komi bai bushewa cikin ɗaki. Ki kai su rana."

Igiyar gidanmu guda ce, kuma a ƙofar uwar mijina anka ɗaure ta. Shekara tara ina gidan, ko sunan ɗanta ba ta taɓa ji a bakina ba. Shafa man bai ba ni wuya ba, shanyar ce. Kwana na uku na daure na shanya, na gudu madafa.

Uwar mijina ta fito ta daɗe tana kallo. "Ɗiyata, mi ne ne wanga?"

"Ungozoma ta ce, Inna."

Washegari na iske nata biyu kusa da nawa, manya. Da na warke ta ce in raka ta wurin ungozomar, amma ranar da babu kasuwa.