Tambayar da Ban Yi wa Inna Ba

Jiya a kasuwar Tawa ƙamshin filasko, ganyen wankin ciki, ya tuna mini da kakata, Inna. Ba ta ba kowa jiƙonsa sai ta tambaya, "Mi ka sha tun safe?"

Shekarar da darajar kuɗin sefa ta faɗi, cikinta ya ɗaure. Na kai mata ƙwayoyin wankin ciki har Bambeye, ban tambaye ta komai ba. Ashe ta riga ta sha filasko, amma ta haɗiye ƙwayoyin don kada in ji kunya. Kwana uku tana zawo, tafinta sanyi ƙalau cikin nawa.

"Jikana, kai dai ba ka tambaya," ta ce tana murmushi.

Damina ba ta iske ta ba. Yau ko me na sha, babu mai tambayata. Allah ya sanyaya makwancinki, Inna.