Malam Haladu Mai Wake da Gero

Kullum da sassafe, kafin a kaɗa ƙararrawa, za ka ga Malam Haladu Bunu ya jingine kekensa a gindin tsamiyar makarantar elementare, ya shiga aji aljihunsa biyu a kumbure. Na dama wake, na hagu gero. Shekara ashirin da shida ke nan yana haka a Haɗeja, kuma a ƙarshen wannan shekara ta 1957 zai ajiye alli ya huta.

Mu da muka zauna a gabansa mun san aikin hatsin nan. Sai ya ce a buɗe littafi a karanta sakin layi ɗaya. Inda marubuci ya yi da'awa, wato abin da yake so ka yarda da shi, ka ɗora wake. Inda ya kawo hujja, abin da aka gani ko aka auna, ka ɗora ƙwayar gero. Sa'an nan ya bi layi yana leƙawa, yana cewa, "Waken nan shi kaɗai ya zo? Ina 'yan rakiyarsa?" Mu yi ta dariya. Kajin maƙwabta ma sun san lokacin darasin, a bakin ƙofa suke jiran shara.

Ni dai na ɗauka wasa ne, sai da na girma na zama magatakardan wani dagaci a ƙasar Kirikasamma. Shekara biyar da suka wuce jingar da ke tare ruwan kogi ta ɓalle, ruwa ya cinye shinkafar rabin gari. Kafin azahar magana ta zama ɗaya: Bakari masunci ne ya yanke ta don ya kafa tarkon kifi. Bakari baƙo ne, iyayensa daga wajen Tafkin Chadi suka zo, ba shi da mai tsaya masa. Aka ce in rubuta wa alƙali takarda a kore shi da iyalinsa.

Na rubuta kuwa, har da ado. Ranar kasuwa na biya ta gidan Malam, wai ya duba mini rubutu, amma a gaskiya yabo na je nema. Ya karanta, ya sa hannu a aljihun dama, ya ɗora wake a kan layin farko. Ya riƙe gero a hannun hagu, ya bi takardar har ƙasa bai saki ko ƙwaya ɗaya ba.

Ya ce, "Inuwa, ka rubuta kowa ya sani. Wane ne kowa? Ɗan wace unguwa ne?"

Na ce, "Malam, ai duk gari ake faɗa."

"Wa ya gan shi da fartanya a kan jingar?"

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

"To ɗana, koma ka nemo. In ka samu, ni da kaina zan raka ka wurin alƙali."

Kwana uku ina bin gida gida, ban sami ido ɗaya da ya gani ba. Sai ma Barira mai fura ta ce, "Kai Inuwa, ku ji tsoron Allah! Ran nan Bakari yana kasuwar garin Malam Madori, ni na dama masa fura." Da muka tona bakin jingar da dagaci, muka tarar gafiya ta rarake cikinta kaf. Dagaci ya karɓi takardar ya yage da hannunsa.

Malam, kai ne ka koya mana cewa yawan masu faɗa ba ya zama hujja. Kai ne ka riƙe hannunka ranar da gari guda ya saki baki. Ba a taɓa kiran sunanka a wani taro ba, kai ma ba ka nema ba. Mun gode, Allah Ya saka da alheri, Ya ba ka hutu mai daɗi da lafiya. Ku kuma malamai da magatakarda, kafin ku sa sunan mutum a takarda, ku tsaya ku tambayi wanda ya gani.

Malam, saura magana ɗaya da ta daɗe tana cina. Bakari yana nan a gidansa, 'ya'yansa sun girma a garin. Har zuwa jiya ni yake ɗauka na cece shi, kuma duk shekara in ruwa ya janye sai ya aiko mini da ƙatuwar tarwaɗa. Sau biyar ina ci ban ce komai ba. Jiya na je na gaya masa wanda ya rubuta takardar korarsa, da wanda ya hana ta tafiya. Da na gama, sai ya ce in kwatanta masa gidanka.