Ga-ruwan Teku

Muna idar da sallar asuba muka bar garin Bowie inda muke zaune, ni da mahaifiyata Hajiya da babbar 'yata, muka nufi tashar jiragen ruwa ta Baltimore. Titi sumul, sai dai manyan motoci sun riga mu tashi.

Abin da ya fito da ni ba yawon buɗe ido ba ne. Hajiya ta kusa komawa Gusau, kuma tun zuwanta magana ba ta haɗa ta da jikarta ba. Ta yi Hausa, yarinya ta amsa da Turanci. Har ta sa mata suna Baturiya. Abin yana ci mini rai. Yarinyar tana karanta injiniyancin ruwa a jami'a a Washington, ta ce tana son ganin tankokin teku da idonta, sai na ce mu tafi gaba ɗaya.

Kuɗin ajiye mota kaɗai ya isa cefanen yini. A gidan abinci aka kawo mana kaguwa, abin alfaharin garin, Hajiya ta dube ta ta ce ita ba ta cin abin da ke tafiya a karkace. Dankali ta ci.

Muka shiga ƙaramin jirgin zagaya tasha. Can sai ga wani jirgin dakon mai, tsawonsa ya fi layinmu. 'Yata ta fara bayani da Turanci: cire gishiri daga ruwan teku yana cin wuta, ga jirage suna komawa ƙasashen hamada ba kaya, me zai hana su koma da ruwan sha? Na buɗe baki zan fassara, yarinyar ta riƙe hannuna, ta juya wajen Hajiya da Hausa.

"Kaka, kin san mai ga-ruwa da kurarsa? Wannan shi ne, amma na teku."

Hajiya ta ƙare wa jirgin kallo. "Jarkar kalanzir ce wannan. Ko kin wanke ta da toka, ruwan sai ya yi wari."

"Shi nake bincike a kai, Kaka. Yadda za a wanke."

Daga nan ban sake samun bakin magana ba. Hausar yarinyar tana tuntuɓe, Hajiya tana gyarawa, musu bai tsaya ba har muka shigo Bowie da la'asar. Ina tuƙi, kaina ya yi girma, ba zan ɓoye ba.

Tafiyar ta koya mini cewa Hausar tana nan a bakin yarinyar, abin faɗa ne ba ta samu ba. Da muka sauka Hajiya ta zauna tana haki, ta ce, "Ke 'yar ga-ruwa, ba ni ruwa in sha."