Shekarar da Muka Koma Tudu

Gidanmu na farko yana cikin kwari, a wani ƙauye tsakanin Roni da Gwiwa. Katanga ɗaya muka haɗa da wata dattijuwa da muke kira Gwaggo, ko da yake ba danginmu ba ce. Akwai wata 'yar kafa a jikin katangar, ta nan ita da Innata suke miƙa wa juna wuta da daddawa da labarin gari.

Wata damina ruwa ya yi yawa, rafin bayan gari ya cika ya tumbatsa da rana tsaka. Muna kallo ya shigo tsakar gida ya yi waje da turminmu. Kafin la'asar ɗakunan ƙasa sun fara zubewa. Ba a rasa rai ba, amma gero ya jiƙe a rumbu, mu kuma muka koma zama a makarantar firamare.

A can ne mai unguwa ya tara magidanta. Da Baba ya dawo daga taron, ya ce wa Inna ba za a sake gini a kwari ba, tudu za a koma.

"Duk unguwar?" in ji Inna.

"Duk wanda ya yarda."

Aka yanka filaye, aka bar hanyoyi masu faɗi, aka haƙa magudanar ruwa tun kafin a aza tubali. Aka ce kowa ya sa dutse a tushen gininsa, ya ɗaga rumbunsa daga ƙasa. Don gudun rigima da ƙuri'a aka raba filayen, shi ya sa maƙwabta suka warwatsu, wannan gabas wannan yamma.

Gwaggo ba ta shiga ƙuri'ar ba. Ɗanta mai cinikin hatsi ya zo daga Babura zai tafi da ita. Inna ta raka ta har bakin mota, ina biye da ƙullin kayanta.

"Gwaggo, da kun zauna. Za mu yi muku ɗaki a wajenmu."

"Ba ni da ƙarfin sabon wuri, 'yar nan. Ki dai riƙa leƙo ni."

Sabuwar unguwar ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Duk shekara kafin ruwan farko ana gayyar yashe magudana, kuma an yi daminoni masu nauyi bayan haka, ko bango ɗaya bai faɗi ba. Amma Inna ta daɗe ba ta saba ba. Sai ta gama girki ta zuba a kwano biyu, ta tsaya da na Gwaggo a hannu.

Kwarin ya zama gonar shinkafa. Bara na sauka can tare da Inna lokacin yanka. Ta shiga cikin gonar tana dudduba ƙasa, ta tsaya a wani wuri, ta ce mini nan ne ɗakin da ta haife ni. Mai gonar ya ajiye laujensa, ya jira har muka fito.