Man Ɗaɗɗoyar Baraka da Rawanin Kabo

Tun ba a yi gadar Gaya ba, lokacin da ake ƙetare kogi da jirgi zuwa Dahome, duk wanda ya bi ta tasha sai ya ji ƙamshin rumfar Baraka kafin ya gan ta. Bazawara ce, doguwa, mara yawan magana. Ganyen ɗaɗɗoya take jiƙawa cikin man kaɗanya, ta bar shi a rana har ƙamshin ya kama. Mai mura ya shafa a ƙirji, direban kamiyo, babbar motar kaya, ya shafa a goshi don ciwon kai, masunci ya shafa saboda sauro. Haka kuma gidajen gari suke aiko mata da tufafin biki ta turara. Ƴarta ɗaya ce a duniya, Ajuma, matar Siddo mai jirgi.

Sai wani ɗan kasuwa, Kabo, ya dawo daga Kwatano, can bakin teku, da ƙananan kwalabe na man ɗaɗɗoya tsantsa, irin wanda Turawa ke tacewa, wanda ɗigo ɗaya sai an sirka shi da mai da yawa kafin ya taɓa fata. Da ya ga mutane ba su yarda da baƙon abu ba, ya riƙa cewa na Baraka ne aka ƙara wa ƙarfi. Siddo ya saya wa matarsa da mura ta kama ta. Ajuma ta murje fuskarta da shi yadda ta saba da na uwarta. Fatar ta saluɓe, idon hagu ya yi fari, lokotoron asibiti ya ce ba abin da za a iya.

Baraka ta sami Kabo a kantinsa.

"Ka sayar da wuta da sunana," in ji ta.

"Haba Baraka, ni na ce a zuba a ido? Ƙauyanci ne ya ci ƴarki."

Ta juya ta fita. Daga ranar kuwa kullum sai ta gaishe shi, har ta durƙusa. Mutane suka ce ta bar wa Allah. Ajuma kaɗai ta san cewa uwarta ta aika an sayo mata kwalba guda daga kantin, ta ɓoye cikin tukunyar gero.

Damina ta zo ta wuce, dattawan tasha suka zaɓi Kabo ya zama sarkin tasha. Iyalinsa suka aiko da rawanin naɗi wurin Baraka, kamar yadda kowa ke yi. Ta turara shi da kyau, sannan ta juye kwalbar nan kaf a ɓangaren da ke rufe hanci da baki.

Ranar naɗi ana zafin bazara. Aka naɗa, makaɗa suka ɗauka, gumi ya keto wa Kabo. Ya daure, ya daure, hawaye na zuba, har ya fizge rawanin ya jefar a ƙasa gaban jama'a, leɓɓansa sun kumbura. Baraka tana tsaye cikin mata, ba ta ko ƙifta ba. Dattawa suka ce wanda ya yar da rawani da hannunsa ba a sake naɗa masa, suka ba wani direba, Alassan, sarautar.

Da Kabo ya kai ƙararta gaban kumandan, Baturen mulki, ba ta musa ba. Ta ce wa tafinta, "Gaya masa kayan kantin Kabo ne, ban ƙara komai ba." Aka hana ta kasuwar Gaya, ta kwashe tukwanenta ta koma ƙauyen Tanda.

Bayan shekaru, da Kabo zai tafi Makka, ya turo ƙanensa neman gafara. Ya same ta tana tsinke ganye a bayan ɗaki.

"Idon nan na Ajuma ne, ya je ya roƙe ta," in ji Baraka. "Tawa kuwa, ni da shi sai gaban Allah."

A Tanda ta rasu, ana gab da samun mulkin kai, ba ta sake taka Gaya ba.