Taya ta cinye mini gemu

Jama'a, ku zo ku ga fuskata yau!

Ina zaune a rumfata ta faci a Fagge, sai ga wani Alhaji ɗan kwangila, irin waɗanda kuɗin mai ya kumbura. Ya sauke wili huɗu masu faɗi, ƙarfen nan da taya ke zama a kai, wai daga Legas. Wai in ɗora musu tayoyin motarsa.

Na ce, "Alhaji, tayar nan siririya ce, bakinta ba zai kama ba."

Ya ce, "Yayin ke nan. Kai dai ja ta."

Na shafa sabulu, na danna da liba, ƙarfenmu na ɓamɓare taya, na yi ta buga iska. Ko gezau! Iskar ta gefe take zurarewa.

Sai ga Oga Emeka, makanike daga Sabon Gari, ya zo karɓar tayarsa. Ya ce, "Malam Sule, zuba fetur ciki, ka kyasta ashana. Da kanta za ta zauna."

Bai ce in ja da baya ba! Na zuba fetur, na sunkuya, na kyasta.

Buuum! Gemun da na shekara ashirin ina tattali ya tafi, har da gira. Ƙauri kamar ana babbakar kan rago!

Emeka yana ta "Sannu, sannu!" Alhaji ko kallona bai yi ba. Ya tsuguna yana shafa tayar, ta zauna daram.

Ya ce, "Madalla! Saura uku."

Na danƙa masa ashanar. Na ce, "Bismillah, Alhaji. Naka gemun ya fi tsawo."